Furfurar Aro

A ɗakin gwaggona, a Tudun Wadar Zariya, akwai wani kabad da na buɗi ido na tarar da shi jingine da bangon gabas. Wani kafinta ne a Sabon Gari ya ƙera shi da katakon maɗaci lokacin da za a kai ta ɗakin miji, tun kafin yaƙin basasa. Ja ne mai duhu, mai ƙofa biyu da gilashi, a ciki an jera kwanonin tangaran da ba a taɓa su sai an yi manyan baƙi. Abu biyu a jikinsa ba na mantawa da su. Na farko wani wuri ne a gefen ƙofar dama da ya yi haske ya yi santsi, daidai inda babban yatsanta ke dannawa duk lokacin da za ta buɗe, shekara hamsin da ɗoriya. Na biyu baƙin tabo ne a samansa, inda fitilar ƙwai ta taɓa kifewa wani dare ta ƙona shi.

Da Allah ya yi mata rasuwa aka raba gado, kabad ya faɗa rabon autarta, taubashiyata, wadda ke aure a Abuja. Bara da Babbar Sallah na je gaishe su. Ina shiga falo ta nuna min wani farin abu a kusurwa, fentinsa duk ya kankare a gefe-gefe kamar wanda ya yi damina uku a waje.

Ta ce, "Yaya, ka gane shi kuwa?"

Na daɗe ina kallo kafin na ce, "Ke kuwa me kabad ɗin Gwaggo ya yi miki?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka san yayi ba. Kuɗi na biya aka yi min shi haka."

Kuɗi kuwa ta biya, masu kauri. An shafe shi da farin fenti, sannan aka bi shi da sanfefa aka kankare wurare don ya yi kama da tsoho. Abin da ya shekara kusan sittin a duniya ne aka yi wa kwalliyar tsufa. Wurin yatsan Gwaggo ya ɓace ƙarƙashin fenti. A madadinsa mai aikin ya zuba nasa alamomin gogewa a tsakiyar gefen kabad, inda hannun ɗan Adam bai taɓa samun dalilin kaiwa ba.

Kayanta ne, gadonta ne, ba ni da ikon hana ta. Rigimata da yayin ce, kuma tun da ya fara shigo mana ta wayoyinmu, gara mu san asalinsa da abin da yake ci kafin ya gama da sauran kabad-kabad ɗin iyayenmu.

Inda abin ya samo asali

A Ingila aka haifi wannan salo. A shekarun 1980 mujallun ƙawata gida na can suka fara yabon kamannin tsofaffin gidajen masu sarauta na karkara, inda labule ya koɗe, kujera ta sha zama, fenti ya dushe, saboda masu gidan sun gaji arziki tun kaka da kakanni, ba su da wanda za su burge da sabon abu. A 1989 wata 'yar Ingila, Rachel Ashwell, ta buɗe kanti a Santa Monica ta jihar Kalifoniya da sunan Shabby Chic, wato tsufa mai aji, ta mai da wannan kamanni hajar sayarwa. A 1990 wata 'yar Birtaniyar, Annie Sloan, ta fito da fentin da ta raɗa wa Chalk Paint: fentin ruwa mai kauri, marar sheƙi, wanda ke bushewa kamar alli, yana kama katako ba tare da an goge tsohon banish ba. Wannan sauƙin ne ya buɗe ƙofa. Aikin da a da sai gwani, yanzu kowa na iya yin sa a yini guda da burushi ɗaya.

Sai Pinterest da Instagram suka zo a 2010, hoton "kafin" da "bayan" ya zama abin nema. A 2013 tashar HGTV ta Amurka ta fara shirin Fixer Upper na Chip da Joanna Gaines daga garin Waco na jihar Texas, wanda ya shigar da salon gidan gona cikin miliyoyin gidajen da ba su taɓa ganin garma ba. A daidai wannan lokaci farashin tsofaffin kayan katako masu duhu na zamanin Sarauniya Victoria ya faɗi warwas a Birtaniya. Gidaje sun ƙanƙance, matasa sun koma kayan IKEA, manyan wadirob na kakanni sun zama kaya a wuya. Katako mai daraja ya yi araha, fenti ya yi sauƙi, ga kuma masu kallo a intanet suna tafi.

Yadda ake yin aikin ma abin sani ne. Ana shafa fenti kala ɗaya a bari ya bushe, a goga kyandir ko man basilin a gefuna, a shafa wata kalar a kai. Inda kyandir ya taɓa, fenti na biyu ba ya kamawa, da an bi da sanfefa sai ya ɓare, na ƙasa ya leƙo. Wasu kan daki katakon da sarƙa ko guduma, su huhhuda shi da basilla don ya yi kama da wanda ƙwaro ya ci. A ƙarshe a shafa kaki mai duhu ya maƙale a lungu-lungu, ya tsaya a matsayin dauɗar shekaru. Duk abin da mai gida mai hankali ke kare kayansa daga gare shi, shi ake biya a yi musu da gangan.

Tuhuma ta farko: ƙarya ce

Tsufan gaske yana da tsari. Hannun kujera yana gogewa inda ake dafawa, sandar ƙasan tebur tana cinyewa inda ake ɗora ƙafa, bakin durowa yana dushewa inda ake ja. Wanda ya iya kallo zai karanta yadda aka rayu da abin, har ya gane ko mai shi bahago ne. Gogewar sanfefa ba ta ba da labarin kowa. Furfura ce aka yafa wa kai, ba tare da shekarun da ke kawo ta ba.

A 1849 John Ruskin, a littafinsa The Seven Lamps of Architecture, ya lissafa shafa wa abu fenti don ya yi kama da wani abin daban cikin yaudarar da bai kamata magini ya yi ba. A zamaninsa katako mai araha ake zana wa jijiyoyi don ya yi kama da mai tsada. Wannan aƙalla ana iya fahimtarsa: mai ƙaramin ƙarfi ne ke son a gan shi da mutunci. Na yanzu ya juya. Maɗaci ake ɗauka a ɓad da kamarsa don ya yi kama da allon rumbun wani matalaucin manomi na Turai.

Wasan ba sabo ba ne. Tsakanin 1783 da 1786 aka gina wa Sarauniya Marie Antoinette ƙauyen wasa a harabar fadar Versailles, gidaje masu rufin ciyawa, aka sa masu fenti suka zana wa bangayen tsagewar ƙarya don su yi kama da na talakawa, alhali cikin wasu ɗakunan an ƙawata su daidai da sarauniya. A 1789 talakawan gaske, masu tsagaggen bango na gaske, suka yi juyin juya hali. A zamaninmu kantin Nordstrom na Amurka ya sayar da wandon jins mai taɓon ƙarya a jiki kan dala 425 a 2017, kamfanin Balenciaga kuma ya fito da yagaggen takalmi na dala 1,850 a 2022. Kabad mai kankararren fenti ɗan wannan dangi ne.

Duba yadda abin yake a wurinmu. Idan malamin firamare ya bar kujerun falonsa fenti na ɓarewa, maƙwabta cewa za su yi abubuwa sun yi masa tsauri, shi ya sa duk ƙarshen azumi yake neman ɗan galan ya rufa wa kansa asiri kafin baƙin Sallah. Ɓarewar nan ita ce a Maitama ake kira iya tsara gida. Bambancin kawai, mai gidan Maitama kowa ya san da zaɓinsa ya yi. Wanda ya taɓa kwana a kan gado mai ɓararren fenti don babu halin sabo, da wuya ka same shi yana biyan kuɗi a ɓare masa.

Tuhuma ta biyu: ba a komawa baya

Masu adana kayan tarihi suna da ƙa'ida: duk abin da za ka yi wa tsohon abu, yi wanda na bayanka zai iya warwarewa. Tsofaffin kafintoci, ko sun san ƙa'idar ko ba su sani ba, kayan aikinsu sun dace da ita. Shalak, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, sifirit na narkar da shi, a sabunta shi ba tare da an taɓa katakon ba. Kakin zuma ana goge shi a sake shafawa.

Fenti ba haka yake ba a kan irin katakonmu. Maɗaci da loko suna da buɗaɗɗun ƙofofi a jikinsu, farin fenti na shiga ya zauna. Ko an kankare na sama, fararen ɗigo-ɗigo na nan cikin jijiyoyin, fitar da su sai an ci fuskar katakon da sanfefa. Fuskar nan kuwa ita ce dukiyar, domin launin da hasken rana da iska da man hannu suka gina cikin shekaru hamsin bai wuce saman katako ba. Idan kuma abin mai ɓawo ne, wato siririn falle na katako mai tsada aka liƙa a kan mai araha, kaurin fallen sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, gogewa kaɗan ta huda shi har abada. Magungunan cire fenti masu ƙarfi kuma ba abin wasa ba ne: a 2019 hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a masu ɗauke da sinadarin methylene chloride bayan ya yi sanadin mutuwar mutane.

Tarihin Ingila kansa ya isa gargaɗi. A shekarun 1970 da 1980 yayin da ake yi a can kishiyar na yanzu ne. Ana ɗaukar tsofaffin kayan katako masu araha waɗanda tun asali da fenti aka yi su, a tsoma su cikin tankin soda a wanke su tas, don ana son ganin tsurar katako. An hallaka fenti na asali mai shekara ɗari da ɗoriya, gam ya saki, gaɓoɓi suka yi lakwas. Wancan ƙarni ya cire fentin gaske daga inda ya dace, wannan ya zo yana shafa na ƙarya inda bai dace ba. Kowanne ya tabbata shi ne mai ido. Yayi kan yi shekara goma ko ashirin ya wuce, ɓarnar da ya yi wa katako ta zauna.

Tuhuma ta uku: katakon nan ba ya dawowa

A Landan ana iya cewa tsofaffin wadirob sun yi yawa. Mu ba mu da wannan uzuri. Yawancin abin da ke cika shagunan kayan ɗaki a yau MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ruwa ya taɓa ƙasansa ya kumbura, ƙusa ta fita ba ta komawa, ƙaura biyu ta gama da shi. Iyaye na cin bashi su yi wa 'ya kayan ɗaki da shi, kafin ta yaye ɗan fari ƙofofin sun fara lilo.

Itatuwan da aka yi kayan iyayenmu da su kuwa suna ƙarewa. A tsakiyar shekarun 2010 Najeriya ta zama kan gaba wajen fitar da gungumen madobiya zuwa ƙasar Sin, dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta suka sha sara. Daga farkon 2017 yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa madobiya a jerinta na biyu, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 maɗaci da kawo na Afirka su ma suka shiga jerin. Attajiran Sin suna biyan maƙudan kuɗi don su ga jijiyar itacen dajinmu a falonsu. Mu da muka gaje shi kyauta a ɗakin uwa, mun sa burushi mun rufe.

Tuhuma ta huɗu: ƙurar

Wannan ta shafi kayan da dama can suna da tsohon fenti, irin ƙofofi da tagogi da gadajen yara da masu wannan salo ke farauta don su kankare. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, sau da yawa yana ɗauke da dalma. Amurka ta hana shi a gidaje tun 1978, amma har yanzu kusan rabin ƙasashen duniya ba su da dokar da ta ɗaure masu yin sa. Muddin yana liƙe lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Da an sa masa sanfefa ya zama ƙura, ta sauka a tabarma, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tasu dalmar ta fito, amma hanyar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida. Salon da ginshiƙinsa kankare fenti a bar shi yana ɓarɓashi a falo bai dace da gidan da ke da yara ba.

Abin da masu yi za su ce

Za su ce ceto suke yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna a 2018 kaɗai an zubar da kayan ɗaki kimanin tan miliyan 12 a ƙasar, kusan kashi 80 cikin ɗari a juji suka ƙare. Teburin da aka yi wa fenti aka ci gaba da cin abinci a kai ya fi wanda aka jefar. Na yarda. Idan abin filawud ne da ya dushe, ko farin katako mai araha, ko ruwa ya riga ya lalata fuskarsa, a yi masa fenti, Allah ya ba da lada. Amma ceto bai buƙatar duka da sarƙa. Kuma hotunan da suka fi samun tafi ba na kayan juji ba ne, na lafiyayyun kaya ne waɗanda sabulu da kaki kawai suke jira.

Za su ce fenti a kan katako tsohuwar al'ada ce. Haka ne. A Suwidin, zamanin Sarki Gustav na Uku a ƙarshen ƙarni na 18, ana yi wa kujeru da kabad fenti mai haske, ga shi har yau ana sha'awarsu. Sai dai waɗannan tun a hannun kafinta da niyyar fenti aka yi su, da katakon da ya dace da shi, aka shafa shi lafiya lau, shekaru suka yi sauran aikin. Wanda ke son irin wannan kyau, hanyarsa a buɗe take: ya yi fenti mai kyau, ya yi amfani da abinsa, ya jira.

Za su ce mata da yawa sun samu sana'a ta wannan hanya, a can da nan. Ban raina wannan ba. Amma hannun da ya iya kankare fenti don ya yi kama da tsoho zai iya koyon farfaɗo da shalak, da ɗaure gaɓar da ta saki, da cike gurbin ɓawon da ya ɓalle. Wannan ce sana'ar da muke rashi. A garuruwanmu samun wanda zai haɗa maka sabon gadon MDF cikin kwana uku ya fi sauƙi a kan samun wanda zai gyara maka kujerar kakanka ba tare da ya buga mata ƙusa inci huɗu ba. Tsofaffin da suka iya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, don ba mu kai musu aiki.

Kafin ka ɗauki burushi

Idan kana da irin wannan kaya a gida, fara da dubawa. Jawo durowa ka kalli gefenta da ƙasanta, ka leƙa bayan kabad inda ba a shafa komai ba. Idan jijiyar katakon ta zarce daga fuska ta zagaya har baki, kuma gaɓoɓin sassaƙa su aka yi suka shiga juna, abin hannunka ya fi ƙarfin fenti. Wanke shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, kada ka jiƙa shi. Ɗiga sifirit a wani ɓoyayyen wuri: idan abin da ke kai ya yi danƙo, shalak ne, ana farfaɗo da shi. Bayan haka kakin zuma da tsumma mai laushi sun isa. Yawancin abin da muke kira tsufa a jikin kayan nan dauɗa ce da hayaƙi, rabin yini ke raba su da ita. Tabon da ya rage bayan wanki, bar shi, na gidan ne.

Idan kuma ka duba ka ga ba ka son sa, duhunsa ya yi maka yawa, bai shiga da labulenka ba, wannan ba laifi ba ne. Ba wa ɗan'uwan da ke so, ko ka sayar wa wanda ya san darajarsa, ka sayi abin da ranka ke so ka yi masa kalar da ka ga dama. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba dole sai a gidanka ba.

Kafin na bar gidan taubashiyata ran nan, na buɗe ƙofar kabad ɗin. Mai fentin bai shiga ciki ba, don ciki ba ya fitowa a hoto. Jan maɗacin na nan yadda na san shi. A bayan ƙofar hagu kuma ga rubutun Gwaggo da ajami, da fensir, sunayen 'ya'yanta bakwai da watan da aka haifi kowanne. Na nuna mata nata a ƙarshen layi. Ashe ba ta taɓa lura da shi ba.

Bayan sati biyu ta kira ni tana tambaya ko ana iya cire fentin. Na kai wa wani dattijon kafinta hoton. Ya ce ana iyawa, aikin sati uku ne, kuɗinsa kuma zai fi na shafawar. Ya ce launin zai dawo kusa da yadda yake, in an yi haƙuri da shi wasu shekaru. Na tambaye shi wurin yatsan. Ya ce wannan kam sai dai ita ta fara nata.